Kokawa Na Da Lokacinta, Ina Na Wasan Kwaikwayo?

Duk shekara, in sanyi ya kama, babu mai buƙatar sanarwa kafin ya san cewa lokacin kokawa ya yi. Tun daga 1975, shekarar da aka buɗe gasar takobi ta ƙasa a Tawa, Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya ɗauke shi, wannan wasa ya samu abubuwa uku da suka tsare masa rai: lokaci sananne, fili sananne, da tarihin da ake maimaitawa. Yaron da aka haifa bayan Kantu ya daina shiga fili ya san sunansa, domin filin kokawa na Maraɗi da shi ake kiransa, kuma duk shekara makaɗa da masu sharhi a rediyo suna sake jero sunayen mazan jiya. To, a tari matashin malamin makaranta a Gazawa, ko Agye, ko Gidan Rumji, a ce ya kawo sunan wasan kwaikwayo uku da ƙungiyar garinsu ta taɓa yi a zamanin iyayensa. Shirun da zai biyo baya shi ne dalilin wannan maƙala.

A ƙasashen da wasan dandali ya zauna da gindinsa, kowace ƙungiya tana da kakarta. A Faransa, bikin garin Avignon da Jean Vilar ya kafa a 1947 ya sa watan Yuli ya zama watan da ake jero wasanni, tsoho kusa da sabo: yau a nuna wasan da aka rubuta shekara ɗari uku da suka wuce, gobe a nuna wanda tawadarsa ba ta gama bushewa ba. Gidan wasan Comédie-Française, wanda aka kafa a 1680, bai daina nuna wasannin Molière ba, ko da yake mutumin ya rasu tun 1673. Hikimar wannan tsari a fili take. Ɗan wasan da ya goge da tsohon wasa yana samun ma'aunin da zai auna sabo, ɗan kallo kuma yana koyon bambance gwaninta da hayaniya. Wannan tsari shi ne abin da ƙasar Hausa ta Nijar ta rasa, kuma rashinsa ya fi rashin kuɗi illa.

Masu cewa ai wannan al'adar Nasara ce, ba ta dace da karkara ba, sun manta abin da idanun iyayensu suka gani. Kwaikwayo ya girmi lakwal a ƙasar nan. Ƴan kama sun daɗe suna shiga rigar malamai suna mayar da wa'azi zancen tuwo da miya, jama'a na faɗuwa da dariya. Yara suna tashe cikin azumi. Matan fada suna wasan gauta, inda ake kwaikwayon sarki da hakimansa a gabansu, su ga kansu a madubi ba tare da an ci musu fuska ba. A Damagaram akwai wasan kara, a ƙauyuka kuma samari da ƴan mata suna kalankuwa bayan an kai amfanin gona rumbu, su naɗa sarkinsu da alƙalinsu. Abin lura shi ne kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da lokacinsa a shekara, kuma ana maimaita shi. Ashe kakar wasa ba baƙuwa ba ce. Ƴar gida ce da aka bari ta ɓace.

Shi kuma teyatur na zamani, wanda ya shigo ta hannun ɗaliban makarantar William Ponty irin su Mahamman Ɗan Dobi, mai wasan Kabrin Kabra a shekarun 1950, bai jima ba ya koyi Hausa ya shiga gari. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, gwamnatin Seyni Kunce ta farfaɗo da Samariya, aka kuma buɗe bikin matasa na ƙasa a Damagaram cikin 1976, yana zagaya manyan biranen jihohi, har da Maraɗi. Kafin a kai ga matakin ƙasa sai an yi tankaɗe da rairaya tun daga unguwa da ƙauye, saboda haka kowane babban gari yana da ƙungiyarsa, yana da gidan matasa, yana da daren da ake cika maƙil don kallon ƴaƴan gari. Ƙungiyar gidan rediyon Damagaram, wadda malamin makaranta Yazi Dogo ya yi fice a cikinta, ta sa Muryar Sahel da Tele Sahel suka zama dandalin kowane gida. Abin ya kai har wata Ba'amurkiya, Janet Beik, ta rubuta littafi sukutum a kan teyatur na Hausa a Nijar, aka buga shi a 1987, masanin gida kuma, Shu'aibu Ɗan Inna, ya yi nazari mai zurfi a kan kwaikwayo a ƙasar Hausa da kuma a kan fasahar Yazi Dogo.

Ba za a yi wa wancan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Samariya hannun gwamnati ce, kuma akwai bakin da ba a iya buɗewa a kan dandali. Da yawa daga cikin wasannin an gina su ne a kan jigon da hukuma ke so: haɗin kan ƙasa, yaƙi da cin hanci, tsadar aure, gudun ƙauye. Amma gasa ta tilasta gwaninta. Ƙungiyar da ta zo da huɗuba tsirara ba ta kai labari, sai wadda ta iya gina mutum mai rai, alhajin da za a tsana a kuma tausaya masa, ko ma'aikacin da rowarsa ke ba da dariya tana kuma ba da tsoro. Babban raunin abin a wani wuri yake: galibin wasannin ba a rubuta su ba. Ƴan wasa sukan zauna su tsara ƙashin labari, kowa ya sa naman maganarsa a wurin gwaji. Wannan ya ba wasan ɗanɗanon Hausar kasuwa da ta zaure, amma ya sa ransa ya rataya ga ƙirjin mutane. Da Kunce ya rasu a 1987, taron ƙasa na 1991 kuma ya kawo ƙarshen tsarin da ke ɗauke da Samariya, sai ƙungiyoyi suka watse, kowane ɗan wasa ya tafi da rabonsa na wasan a cikin kansa. Duk dattijon da aka kai makwanci daga cikinsu, da fitowa ɗaya ko biyu ake binne shi.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gurbin da gwamnati ta bari, furoje ya cike shi. Jihar Maraɗi, musamman bayan yunwar 2005, ta zama matattarar ƙungiyoyin agaji, kowace da saƙon da take so a kai ƙauye: allurar rigakafi, gidan sauro, shayar da nono zalla, tazarar haihuwa, rajistar jarirai, wanke hannu. Ba wanda ke musun amfanin waɗannan saƙonni, kuma faɗakarwa ba sabon abu ba ce a wasan Hausa, tunda Wasan Marafa na Abubakar Tunau, tun shekarun 1940, a kan tsabta da lafiya aka gina shi. Ɓarnar tana cikin yadda faɗakarwa ta cinye dandalin gaba ɗaya. Yau ƙungiya ba ta haɗuwa sai an kira ta. Ana miƙa mata jigo daga ofis, a ba ta kwana kaɗan, a ɗora ta a mota, ta yi wasan rabin awa a gindin bishiya, a ɗauki hoto don rahoto, a biya ta, ta watse har wani kiran. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba laifin ƴan wasan ba ne da suka karɓa, domin su ma da bakunan ciyarwa. Amma a dubi abin da aka girbe. Mutanen wasan kullum su ne dai: miji mai taurin kai, mata mai haƙuri, tsohuwa mai camfi, sai ma'aikaci mai farar riga da zai fito a ƙarshe ya warware komai. Ɗan kallo ya san ƙarshen labari tun kafin a yi sallamar farko. An koya wa ƙauye cewa wasan kwaikwayo talla ce da ake zuwa da ita daga waje, kyauta, kamar rabon buhu. Jama'ar da ta saba da haka ba za ta ƙara sa hannu a aljihu don kallo ba, kuma dandalin da masu kallonsa ba sa ciyar da shi, ranar da furoje ya naɗe tabarmarsa tare da shi zai naɗe.

Akwai kuma kuskure na biyu, wanda ya fi kusa da malamai. A kwaleji da lise, in an tashi bikin ƙarshen shekara aka ce a yi babban wasa, hankali yakan tafi ga Faransanci, kamar dai tsohon wasa mai daraja ba ya samuwa sai da harshen Molière. Yara su haddace jimlolin da ba su gama fahimta ba, iyaye su zauna suna tafi don kara. Abin da ya rage wa Hausa shi ne ɗan barkwancin minti biyar tsakanin rawa da rawa. Wannan rashin sani ne, domin Hausa tana da rumbun rubutattun wasanni da ya kusa shekara ɗari. Tun shekarun 1930 aka buga wasannin Hausa shida na Rupert East. Akwai Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi. Akwai Uwar Gulma na Mohammed Sada, wanda ya fito a 1968, inda aka bi wahalar matar aure daga ɗakinta har gaban alƙali. Akwai Shaihu Umar, labarin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar wasa a 1975. Akwai Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina na 1979. Har Shakespeare ya ji Hausa, tunda Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara wasansa da sunan Daren Sha Biyu a 1971. In an ce waɗannan na Najeriya ne, sai a tambaya: tun yaushe iyakar da Faransa da Ingila suka shata ta raba Bakatsinen Maraɗi da adabin Katsina? Goro da atamfa da finafinai suna ƙetare ta kullum. Littafi ne kaɗai ake nema masa fasfo. Shi ma Molière ba a ce a kore shi ba. Marowacin tsoho da ke son aurar da ƴarsa don kuɗi, da likitan ƙarya, da mai fakewa da addini yana cin dukiyar mutane, duk an san su a kasuwar Cadawa. A juya su cikin Hausa su zama ƴan gari, tunda kayan aro ba ya rufe katara.

Ga kuma tarihi, wanda wannan yanki yake zaune a kansa kamar mai barci a kan rumbu yana kukan yunwa. André Salifou ya ɗauki Tanimun na Damagaram ya yi masa wasan da aka buga a 1973. Abdullahi Mamani ya ɗauki Sarauniyar Lugu ya yi mata littafi a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986. Ina na Gobir da Katsinar Maraɗi? Ga Ɗan Kasawa da zaman gudun hijirar sarautar Katsina. Ga yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka kwanta dama. Ga Mayaƙi da kafa Tibiri bayan wannan karaya, wato labarin mutanen da aka ci da yaƙi suka ƙi mutuwa. Ga rundunar Voulet da Chanoine da ta ratsa ƙasar nan a 1899 tana ƙone garuruwa, har ta harbe Kanar Klobb a Ɗankori ranar 14 ga Yuli, sa'annan sojojinta suka juya suka kashe shugabannin nasu biyu a wajen Maijirgi kwanaki kaɗan bayan haka. Jikokin waɗanda suka ga wannan tashin hankali suna nan da ransu, da labarin a bakinsu. Wane marubucin wasa ne zai nemi abin da ya fi wannan? Wasan tarihi na gaskiya ba kirari ba ne. Zai ba kowane ɓangare bakinsa, mai jihadi da wanda aka kora, sarki da talakan da aka ƙwace wa hatsi don ciyar da dawaki, ya bar ɗan kallo ya koma gida yana juya abin a ransa.

Zamanin yau ma bai rasa abin faɗa ba. Tashi da faɗuwar gyaɗa, yunwar 1984, gonar gado da ake rabawa tana ƙanƙancewa har ta kasa ciyar da gida ɗaya, manoman Ɗan Saga da maƙwabtansu na ƙasar Agye da suka mayar da itatuwa gonakinsu ta hanyar kula da tsiron kututture, har duniya ta zo koyo, matar ɗan ci-rani da ke jiran saƙo daga Libiya, iyakar da aka rufe a 2019 aka sake rufewa a 2023, baƙin da suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara zuwa ƙasar Gidan Rumji tun 2019, suna gudun ƴan bindiga, da masu masaukin da suka raba ɗan abin da ke gare su da su. Babu ofishin da zai ba da odar wasa a kan waɗannan yadda suke, da ɗacinsu da rashin saukin warwararsu. Sai ƙungiyar da ke cin gashin kanta.

Za a ce fim ya riga ya kashe dandali. Gaskiya ne tun fitowar Turmin Danya a Kano cikin 1990 finafinan Hausa suka mamaye gidaje, yanzu kuma suna cikin kowace salula. Amma ƙungiyar da ta yi wannan fim, Tumbin Giwa, ƙungiyar wasan dandali ce, kuma manyan ƴan wasan farko a dandali da rediyo da talabijin suka koyi sana'ar. Banda haka, ana nuna kokawa a talabijin, bai hana fili cika ba. Abin da ɗan Gazawa ke samu in ya ga maƙwabcinsa ya zama Sarkin Gobir a gabansa, da Hausar garinsu, da habaicin da ƴan gari kaɗai ke ganewa, babu salular da za ta ba shi. Za a ce akwai malaman addini da ba sa so. Damuwarsu a kan cakuɗuwar maza da mata da raye-rayen dare abar saurare ce, kuma tana da magani: wasa da la'asar, wurin zama a tsare, labari mai mutunci. Za a ce babu tsaro a wasu wurare. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ya sa a fara da manyan garuruwa, da rana. Garin da tsoro ya hana shi taruwa don komai sai jana'iza, ya fi kowa buƙatar abin da zai tara shi.

Saura batun lokaci, inda kwaikwayon Turai ido rufe zai kai mutum ya baro. Su can suna kakarsu a Yuli domin lokacin hutunsu ne da sararin samaniya. A nan Yuli da Agusta watannin hauya ne; wanda ya kira kallo a lokacin zai yi wa kujeru wasa. Amma babban hutun makaranta yana da nasa amfanin. Shi ne lokacin da malami ke da sukunin zama da dattawan Samariya da suka rage, ya ɗauki muryarsu ko da da salula ce, ya rubuta wasannin da ke kansu fitowa bayan fitowa, ya juya wani daga Faransanci, ya tsara sabo. Damina ta zama ta rubutu da gwaji. In an yi girbi, rumbu ya cika, aljihu ya ɗan yi nauyi, kafin samari su ɗaure kayan ci-rani, sai a buɗe kakar wasa, daidai lokacin da kakanni suka ajiye wa kalankuwa. Wasa uku sun isa a shekarar farko: tsoho ɗaya, na tarihi ɗaya, sabo ɗaya. Hanya ma a shimfiɗe take, domin titi guda ne ya ɗinke Gidan Rumji da Tibiri da Maraɗi da Cadawa da Agye da Gazawa; ƙungiyoyi su yi musayar ziyara, kowace ta kai nata ta karɓi na wata. A biya kuɗin shiga komai ƙanƙantarsa, ko da tiyar hatsi ce, domin abin da aka biya shi ake daraja. Hukumar kwamin ta ba da fili da wuta, gidajen rediyon karkara su ɗauka su watsa, a kuma ajiye kwafin kowane rubutu a makaranta da gidan matasa. Wasan da ya karɓu bana a maimaita shi baɗi da wasu ƴan wasa. Ta haka ne kawai wasa ke zama na gado. Furoje in ya zo da saƙonsa, a karɓe shi a matsayin baƙo, a ba shi ranarsa, amma kada a ba shi makullin gida.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Doka tana iya ba harshe kujera, amma ba ta iya ba shi abin faɗa. Tun 1973 ake gwajin koyarwa da Hausa a makarantun Nijar, kuma kukan malamai bai sauya ba: ina littattafan da yaro zai karanta bayan ya iya baƙi da wasali? Kowace kakar wasa za ta bar rubutattun wasanni uku a kowace gunduma. Cikin shekara goma, lissafin mai sauƙi ne, kuma babu ƙwararren da za a ɗauko daga waje ya yi wannan aiki a madadin masu shi.

Nauyin yana wuyan malamai da ƙungiyoyin al'adu, domin su ne suka iya alƙalami, su ne kuma ke zaune gari ɗaya da dattawan da ke riƙe da sauran abin. Waɗanda suka hau dandali a 1976 suna samari, yau sun haura shekara sittin, wasu saba'in. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an same ta a cikin tulu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hutun damina mai zuwa shi ne lokacin ɗaukar littafi da alƙalami a nufi zauren tsohon sarkin samari, a yi sallama.